BABI NA UKU: SHIGAR DA YARA CIKIN GWAJIN MAGANI: TARIHIN GWAJIN TROVAN A KANO

3.0 Shimfiɗa

Wannan babi zai yi ƙoƙarin bin diddigin yadda aka shigar da yara cikin gwajin maganin Trovan a birnin Kano a shekarar 1996. Manufar ita ce a nuna cewa tushen matsalar yana ga hanyar da aka bi wajen neman yardar iyaye.

3.1 Ƙa'idar Neman Yarda

Tun a shekarar 1947, bayan shari'ar likitocin Jamus a Nuremberg, aka kafa ƙa'idar cewa ba a gwada magani a kan mutum sai da yardarsa. Sanarwar Helsinki ta 1964 ta ƙara jaddada wannan, ta kuma ɗora alhakin ba da yardar a kan waliyyi idan wanda za a yi gwajin a kansa bai kai munzali ba. Ke nan, wajibi ne a sanar da uba ko uwa cewa gwaji ne, da haɗarin da ke ciki, da kuma cewa suna da damar ƙi ba tare da an hana ɗansu magani ba.

3.2 Annobar 1996 da Zuwan Pfizer

A farkon 1996, zamanin mulkin soja na Janar Sani Abacha, annobar sanƙarau ta ɓarke a Arewacin Nijeriya. Ta kama mutane fiye da 100,000, ta halaka fiye da 11,000. A Asibitin Zana na Kano, ƙungiyar likitocin agaji ta MSF tana ba da maganin chloramphenicol kyauta. Cikin wannan hali ne likitocin kamfanin Pfizer na Amurka suka iso asibitin da sabon maganinsu, Trovan, wanda ba a riga an amince da sayar da shi ba. Suka zaɓi yara kimanin 200 daga cikin waɗanda iyayensu suka kawo. Wajen rabinsu aka ba su Trovan, sauran kuma ceftriaxone. Yara 11 suka rasu: 5 daga rukunin farko, 6 daga na biyu. Wasu kuma suka kurumce ko suka shanye.

3.3 Saɓani a kan Yardar Iyaye

Kamfanin ya ce ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa, sun kuma amince da baki. Ya ƙara da cewa cutar ce ta jawo mace-macen da nakasar, ba maganin ba. Su kuwa iyayen da suka kai ƙara sun ce ba a faɗa musu gwaji ake yi ba, ba a kuma sanar da su cewa akwai sanannen magani a harabar asibitin ba. Ba a gabatar da takardun yarda masu sa hannun iyaye ba. Daga baya ma ya bayyana cewa takardar izinin da aka danganta ga kwamitin ɗa'a na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano an rubuta ta ne bayan gwajin, aka sa mata kwanan watan baya.

Abin lura a nan shi ne halin da iyayen suke ciki. Hausawa na cewa, wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Uwar da ta goyo ɗanta wuyansa ya sanƙare ba ta da sukunin tambayar wane ne mai gwaji, wane ne mai agaji. Saboda haka nauyin bayani yana kan mai gwajin ne kacokan.

3.4 Abin da ya Biyo Baya

A Disamban 2000 jaridar Washington Post ta fallasa labarin. A 2001 Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamiti ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi, wanda rahotonsa ya ce gwajin ya saɓa wa doka. Sai a 2006 rahoton ya fito fili. Gwamnatin Kano ta kai ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. A 2011, bayan gwajin ƙwayoyin halitta, aka fara biyan iyalai huɗu dala 175,000 kowannensu.

Asarar ba ta tsaya ga waɗannan iyalai ba. Lokacin da Jihar Kano ta dakatar da rigakafin shan-inna daga 2003 zuwa 2004, labarin Trovan yana cikin hujjojin da masu ƙin rigakafin suka riƙa kafawa. A 2007 Nijeriya ta fitar da kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa.

3.5 Naɗewa

Bisa ga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa rashin tabbatacciyar shaidar yardar iyaye shi ya sa har aka sasanta ba a daidaita a kan abin da aka faɗa musu ba. Babi na gaba zai dubi kalmomin da ake amfani da su wajen fassara takardun neman yarda zuwa Hausa.