Daga Bakin Rijiya Zuwa Bakin Famfo: Tarihin Ruwan Kano da Darasin Yara

A ƙananan azuzuwan firamare akwai darasin da kusan kowane yaro yake haddacewa, wato hanyoyin samun ruwa. Malami ya rubuta su a allo, yara su bi shi da baki ɗaya: ruwan sama, rijiya, kogi, tafki, burtsatse, famfo. Ranar jarrabawa a ce su kawo guda biyar, su kawo, a ba su maki, darasi ya ƙare. Abin da nake son nunawa a wannan maƙala shi ne, waɗannan kalmomi shida tarihin gari ne aka dunƙule, kuma yaron da aka ba shi su ba tare da tarihinsu ba an ba shi guga ne babu igiya. Zan ɗauki birnin Kano a matsayin misali, domin kowace kalma daga cikinsu tana da zamaninta da masu aikinta da kuma abin da ta jawo wa garin.

Tun kafin zuwan boko, yaran ƙasar Hausa suna da darasin ruwa iri biyu. Na farko na dandali ne, inda ake ba su labarin rijiyar Kusugu ta Daura, da macijin da ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya zo ya kashe shi. Masana tarihi sun daɗe suna muhawara a kan gaskiyar labarin, amma saƙonsa a fili yake: wanda ya buɗe wa jama'a hanyar ruwa shi ya cancanci mulki. Na biyu na zaure ne. Ɗalibin da ya fara karatun fiƙihu, tun a babin tsarki yake haɗuwa da rabe-raben ruwa. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda aka wallafa a Ƙairawan fiye da shekara dubu da suka wuce, ya ambaci ruwan sama da na idon ruwa da na rijiya da na teku, kuma ana koya wa ɗalibi ya duba launi da ɗanɗano da ƙamshi kafin ya yi alwala. Wannan darasi ya fi na allon firamare da abu guda: ya sa yaro ya yi amfani da idonsa da hancinsa da harshensa wajen yanke hukunci a kan ruwan da ke gabansa.

Kano kanta a gefen ruwa ta tashi. Mutanen Dala na farko, zamanin Barbushe, sun zauna kusa da kurmin Jakara, wanda Tarihin Kano ya nuna wuri ne mai alfarma a wajensu. Da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa Kasuwar Kurmi, a gefen Jakara ya kafa ta. Damina a Kano wata huɗu ce zuwa biyar, ruwan ya fi ƙarfi a Agusta, saura kuma rani ne. Saboda haka babbar dabarar birnin ita ce riƙe ruwan damina har ya kai mutane ƙarshen bazara. Magina sun haƙi ƙasa domin tubali da yaɓe da ginin ganuwa, ramukan suka zama kududdufai. Kududdufi yana tare ruwan da zai shiga gidaje, yana shayar da dabbobi, ana wanki a bakinsa, sannan a hankali ruwansa yana tsatsafowa ta ƙarƙashin ƙasa ya ciyar da rijiyoyin unguwa. Sunayen wurare har yau suna ba da shaida: Rijiya Biyu, Rijiya Huɗu, Rijiyar Lemo, Rijiyar Zaki, Ƙofar Ruwa.

Wannan tsari yana da nasa aibin. Baturen nan Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya yi maganar ruwan Jakara da ke kwance a tsakiyar gari da yadda yake ɓata lafiyar mazauna. Kududdufi gidan sauro ne, rijiyar da ke kusa da masai kuma hanyar ciwon ciki ce. A ƙauyuka, masu shan ruwan tafki sun sha fama da kurkunu, cutar da take kwantar da manomi daidai lokacin da gona take bukatarsa. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga masu kurkunu fiye da dubu ɗari shida a Nijeriya. Da tace ruwa da ƙyalle da haƙa rijiyoyi masu murfi aka ci ƙarfinta, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa ƙasar ta rabu da ita. Ga tafki a jerin da yara suke haddacewa, amma babu kurkunu a ciki, babu kuma labarin yadda ƙyalle ɗan ƙarami ya taimaka wajen korar ta.

Famfo ya zo Kano a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya hau gadon sarauta a 1926. Da kuɗin baitulmalin En'e aka gina gidan ruwa a bakin kogin Challawa, wajen Fanshekara, ya fara aiki a farkon shekarun 1930. Injina suka riƙa turo ruwa zuwa tankin da ke kan Goron Dutse, daga nan ya gangaro cikin gari ta bututu. A ganina, a nan ne alaƙar Bakano da ruwansa ta sauya. A da, mai ɗiban ruwa yana leƙa rijiya ya ga inda ruwan ya tsaya, ya san bana an yi damina ko ba a yi ba. Da famfo ya zo, tushen ruwan ya koma nesa da ido, ya zama aikin hukuma da injiniya. Mutum ya murɗa, ruwa ya zo. In bai zo ba, ya yi gunaguni ya jira.

Mataki na gaba shi ne madatsun ruwa. Gwamna Audu Baƙo, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ya ɗauki tare koguna a matsayin babban aikinsa. An yi madatsar Bagauda, sannan ta Tiga a kan kogin Kano, wadda aka kammala a 1974, daidai lokacin da fari ya addabi yankin Sahel, dabbobi suka mutu, mutane suka yi ta ƙaura. Daga baya aka yi ta Watari a Bagwai, da ta Challawa a ƙasar Ƙaraye, wadda aka gama a 1992. Daga Tiga ake sakin ruwan da ya mayar da Kadawa da Kura ƙasar shinkafa da alkama da tumatir, daga nan kuma gidan ruwa na Tamburawa yake samun abin da yake tacewa ya tura birni.

Sai dai kogi ba ya ƙarewa a iyakar jiha. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa su zama kogin Haɗeja, ya ratsa fadamun Haɗeja da Nguru, ya haɗu da na Jama'are, su zama Komadugu Yobe, wanda yake bi ta kan iyakar Nijeriya da Nijar ya faɗa Tafkin Cadi. Kafin madatsu, ambaliyar damina takan malale waɗannan fadamu, masunta su kama kifi, makiyaya su sami ciyawa, manoma su shuka shinkafa. Da aka tare ruwan, ambaliyar ta ragu, ruwan da ake saki rani da damina kuma ya ba ciyawar kacalla damar toshe hanyoyin ruwa. Yaron Kano da yake shan ruwan Tiga yana shan ruwa ɗaya ne da ɗan masuncin Nguru da ɗan manomin tattasai na Diffa, kuma ya kamata ya san haka tun yana ƙarami.

A 1976 aka fara shirin ba da ilimin firamare kyauta ga kowa, yara suka cika azuzuwa, darasin hanyoyin samun ruwa ya shiga kowane ƙauye da jeri iri ɗaya. A daidai waɗannan shekaru ne birnin ya fara girman da ya fi ƙarfin bututunsa. Unguwanni suka bazu, tsofaffin bututu suka ruɓe, wutar da za ta juya injina ta riƙa yankewa. Rijiya ta bayar, guga ya hana: ga ruwa jibge a Tiga, ga famfo a bushe a tsakar gida. Mai hali ya haƙa burtsatse, marar hali ya jira 'yan garuwa da kurarsu ta jarkoki, ruwan leda kuma ya zama abin shan kowa. An cike kududdufai da shara, an yi gini a kansu. Jakara ta koma magudanar ƙazanta, majemun Sharaɗa da Challawa suna zubar da dagwalonsu a kogin da aka fara shayar da birnin daga gare shi.

Abin da ya fi damuna shi ne burtsatse, domin yara da yawa suna ɗaukar ta a matsayin rijiyar da ba ta ƙafewa. Ƙarƙashin Kano dutse ne, ruwan kuma yana maƙale ne a ruɓaɓɓen sashensa na sama da cikin tsagoginsa, ba kamar yashin gabashin Jigawa ba mai riƙe ruwa da yawa. Abin da ke cikin waɗannan tsagogi ruwan sama ne da ya nutse. Idan aka cike kududdufi, aka shafe tsakar gida da siminti, ruwan damina ba ya samun hanyar nutsewa. Sai ya bi titi ya shiga ɗakunan mutane a Agusta, a Afrilu kuma a ji rijiyoyi sun ƙafe, ana ƙara zurfin burtsatse. Ambaliyar damina da ƙishirwar bazara ciwo ɗaya ne mai fuska biyu.

Wannan ne ya sa nake ganin jerin allo yana ɓoye gaskiya mafi muhimmanci. Ya jera famfo da ruwan sama kafaɗa da kafaɗa kamar 'yan uwa, alhali ɗaya uwa ce, ɗaya jika. Ruwan sama ne ya cika Tiga, Tiga ta ba Tamburawa, Tamburawa ta ba famfo. Ruwan sama ne ya nutse ya zama na rijiya da na burtsatse, na burtsatse ya shiga jarkar ɗan garuwa da ledar da ake sayarwa a bakin titi. Tushe ɗaya ne, yana zuwa wata huɗu ko biyar a shekara, sauran duk hanyoyi ne da mutane suka ƙirƙiro domin ajiye shi da kai shi gida.

Gyaran darasin ba ya bukatar kuɗi. Malami zai iya tambayar kowane yaro daga ina ruwan randar gidansu ya zo, sannan ya ci gaba da tambayar "daga ina?" har a kai ga gajimare. Zai iya aika su wajen kakanninsu su tambayo inda kududdufin unguwa yake a da, da abin da aka gina a kansa. Zai iya zuba ruwa a kan yashi da kan siminti a harabar makaranta, yara su ga wanda ya shanye da wanda ya gudu. Zai iya zana kogin Kano a allo tun daga tsaunukan kudu har Tafkin Cadi, ya sa sunayen garuruwan da ke bakinsa. Zai kuma iya aro hikimar zaure, ya kawo kofi uku na ruwa, yara su duba launi su shinshina, sannan ya gaya musu cewa akwai ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, shi ya sa ake tafasawa.

Yaran da ke aji biyu a yau su ne za su zama masu unguwanni da injiniyoyi da masu sayen filaye nan da shekara talatin. Wani daga cikinsu za a kawo wa takardar neman izinin cike kududdufi na ƙarshe a unguwarsu. Abin da zai yanke a ranar ya danganta da ko an taɓa gaya masa cewa rijiyar gidansu daga wannan kududdufi take sha. Kakanninsa sun san haka ba tare da allo ba, domin suna leƙa rijiya kullum. Shi kuwa da bututu da jarka suka shiga tsakaninsa da tushen ruwansa, sai a aji zai ji, in malaminsa ya faɗa masa.