Aman da ba ya fitar da ciwo

Mu mutanen Katsina mun taso da sanin cewa amai alama ce ta sauƙi. In mai magani ya ba ka jiƙon shawara ka kelaya, sai tsofaffi su ce, "Madalla, ciwon ne ke fita." Da wannan fahimta iyaye suka fara kawo mana yara masu ciwon daji lokacin da nake aikin jinya, kuma ta wahalar da mu ƙwarai.

Yawancinsu kumburin muƙamuƙi ne ko na ciki, irin wanda Denis Burkitt ya bayyana a Kampala a 1958. Ciwo ne mai jin magani. Tun a shekarun 1960 Victor Ngu ya riƙa narkar da shi da cyclophosphamide a Ibadan. Amma maganin kan taɓa hanji, hanji ya saki wani sinadari da ke tayar da cibiyar amai a ƙwaƙwalwa. Babu ciwon da ke fita, ruwan jikin yaro ne kawai ke ƙarewa.

Kafin a buɗe asibitin tarayya na Katsina a 1998, Zariya ake tura akasarin yaran. Abin tsayar da amai a wancan zamani metoclopramide ne, shi kuma yana da mugun hali ga yara. Wani sa'in wuyan yaro ya karkace, idanu su kafe sama. Uwa na gani sai ta ce iska ce, kaka ta ce dama an gaya musu daji ba ya son allura. Gari na wayewa a tarar da gado wayam.

Wani maganin tsayar da aman, ondansetron, ya fito a Ingila a 1990, ya daɗe kafin ya iso hannun talaka. Ana ba da shi kamar rabin awa kafin a ɗaura ƙarin ruwa, sau da yawa tare da dexamethasone. A ganina ya tsare yara a kan gadon asibiti fiye da duk nasihar da muka sha yi.

Sauran aikin na 'yan zaman jinya ne. Su suka gano cewa ƙamshin man shanu da daddawa kan tayar wa yaro zuciya, har suka riƙa roƙon 'yan dubiya su bar kwanukansu a waje. Kunun tsamiya marar kauri, a bari ya huce, a ba shi kurɓi kurɓi. Koko mai ɗan citta. Ɓawon lemun tsami a shaƙa. Akwai kuma yaran da tun daga bakin ƙofar asibiti suke fara yunƙuri, ba a ko taɓa su ba. Su kam sai da rarrashi da tatsuniya, a goya su a zagaya har a kira sunansu.