Kalmar "Boko": Asalinta da Tarihin Ma'anarta a Ƙasar Matamaye

An daɗe ana cewa kalmar "boko" aro ce daga sunan littafi a Ingilishi. Wannan ra'ayi ya shiga littattafai da dama, amma tarihin kalmar bai goyi bayansa ba.

Hujja ta farko tana cikin ƙamus ɗin Bargery na 1934. A can ma'anonin da suka yi rinjaye su ne algus da ha'inci da abin da ba na gaskiya ba. Misali shi ne "amaryar boko", wato wadda ake fitowa da ita a madadin amaryar gaskiya. Hujja ta biyu ta furuci ce. A maƙalarsa ta 2013, Paul Newman ya nuna cewa da aro ce, da wasalinta ya fito "u", ba "o" ba. Bugu da ƙari, Hausa ta riga ta sami "littafi" daga Larabci.

Ke nan boko kalmar kushe ce ta asali. Lokacin da Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nassarawa ta Kano a 1909, jama'ar da ta saba da allo da ajami ta ɗauki sabon karatun a matsayin jabu, ta laƙaba masa sunan da ya dace da ganinta.

Matamaye, a ƙasar Kance, ta zauna ƙarƙashin Faransa, don haka makarantar gwamnati a nan "lakwal" ce. Duk da haka, kusanci da Daura da fatauci zuwa Kano sun sa "karatun boko" ya zauna a bakin mutane tare da tsohon nauyinsa. Bayan taron Bamako na 1966, wanda ya tsara rubuta Hausa da haruffan Rumawa, malaman yaƙi da jahilci suka gaji wannan suna. Abin da ya rage masa kaifi shi ne amfani: manomin gyaɗa da ya iya karanta sikeli ba ya kiran ilminsa algus.

Ya kamata masu tsara littattafan manya su lura da wannan. Dattijon da ya ƙi "boko" yana iya jin tsohuwar ma'anar a kunnensa, kuma sai an nuna masa amfanin karatun kafin sunan ya daina yi masa ɗaci.