Daga Sammako Zuwa Aljihu: Tarihin Layi a Disneyland

Ranar Lahadi 17 ga Yulin 1955 aka buɗe Disneyland a garin Anaheim na jihar Kalifoniya, a filin da a da gonakin lemo ne. Buki ne na 'yan gayyata, amma sai da kimanin mutum 28,000 suka cika wurin, da yawansu da katin jabu, wasu kuma katanga suka haura. Zafi ya kai digiri 38. Yajin aikin masu haɗa famfo ya sa ba ruwan sha a famfunan. Kwaltar da aka malala ba ta gama daskarewa ba, har tsinin takalman mata yana nutsewa a cikinta. Abinci ya ƙare, wasu na'urorin wasa suka tsaya, ga tashar ABC tana nuna bikin kai tsaye ga duk Amurka. Ma'aikatan wurin sun daɗe suna kiran ranar da Baƙar Lahadi.

An gyara famfo, kwalta ta bushe, amma layi bai tafi ba. Dalilin lissafi ne kawai. A ce jirgin lilo yana iya ɗaukar mutum 1,500 a awa ɗaya, ka zo ka tarar da mutum 3,000 a gabanka: awa biyu za ka tsaya, ko kana so ko ba ka so. Abu uku ne kaɗai mai wurin zai iya yi. Ko ya ƙara yawan waɗanda jirgin ke kwasa, ko ya karkatar da jama'a zuwa wani wasan, ko kuma ya zaɓi wanda zai wuce gaba. Shekara saba'in ke nan kamfanin Disney yana jujjuya waɗannan ukun, kuma a hankali na ƙarshen ya rinjayi sauran.

Da farko kuɗin shiga dala ɗaya ne, kowane wasa kuma da kuɗinsa daban. A watan Oktoba na 1955 aka fito da ɗan littafin tikiti mai haruffa A, B da C, aka ƙara D a 1956, sannan E a 1959, lokacin da aka buɗe dutsen Matterhorn da jirgin ƙarƙashin ruwa da jirgin da ke gudu a kan dogo ɗaya. Tikitin A na ƙananan wasanni ne, kamar keken doki na babban titi. Tikitin E shi ne na manyan wasannin da kowa ke rububi, har kalmar ta shiga bakin Amurkawa suna kiran duk wani abin burgewa da ita. Hikimar littafin ita ce tikitin E ƙidayayye ne a cikinsa. Idan naka sun ƙare, ko ka sayi ƙari, ko ka tafi ka kashe sauran a ƙananan wasanni. Ta haka jama'a ke warwatsuwa a faɗin wurin ba tare da wani ya ba su umarni ba.

A wannan zamanin ne injiniyoyin kamfanin suka yi aikin da, a ganina, ya fi duk abin da ya biyo baya amfani ga mai ziyara. Sun gano cewa jirgin da ke tsayawa a sauke a loda shi ne ke tara mutane. A baje kolin duniya na New York a 1964 suka gwada ɗora jama'a a kwale-kwalen da ke bin juna a ruwa cikin wasan It's a Small World, abin ya yi kyau, suka maimaita a Pirates of the Caribbean a 1967. A gidan fatalwa na Haunted Mansion, wanda aka buɗe a 1969, kujerun suna ɗaure da juna a kan sarƙar da ba ta tsayawa. Mutum yana taka bel mai tafiya ya zauna. Irin waɗannan wasanni na kwashe mutum fiye da dubu biyu a awa. Sun kuma lanƙwasa layin yana kai da komo tsakanin ƙarafa don ya ci ƙaramin fili, ka riƙa jin kana matsawa, suka ƙawata bangon da abin kallo. Wannan gyara kowa ya amfana da shi daidai wa daida, mai shi da marar shi.

A 1982, shekarar da aka buɗe wurin wasa na EPCOT a Walt Disney World da ke jihar Fulorida, aka soke littafin tikiti. Ka biya sau ɗaya a ƙofa, ka hau abin da ka ga dama sau nawa ka ga dama. Jama'a sun yi murna, kuma suna da dalili. Sai dai wanda ya biya kuɗin komai ba zai ɓata lokacinsa a keken doki ba. Kowa ya nufi manyan wasannin nan kaɗan, layinsu ya miƙe. Farashin hawa ya koma tsayuwa: wanda ya fi juriya shi ya fi morewa.

Daga nan aka shiga zamanin masu dabara. A 1985 Bob Sehlinger ya fitar da littafin jagora mai suna The Unofficial Guide to Walt Disney World, wanda ba da yawun kamfanin aka rubuta shi ba. Saƙonsa a taƙaice: ka iso kafin a buɗe ƙofa, ka fara da wasan da layinsa ke saurin tsawo, ka bar masu kwasar jama'a da yawa sai rana ta take, ka guji lokacin hutun makaranta. Daga baya Len Testa, masanin kwamfuta, ya haɗu da shi, suka riƙa tattara tsawon jira a sa'o'i daban-daban suna lissafa wa iyali jerin da ya fi dacewa su bi. A shekarar 1985 ɗin dai David Maister ya wallafa sananniyar maƙalarsa kan yadda mai jira ke ji a ransa. Ya nuna cewa jiran da ba ka san ƙarshensa ba ya fi tsawo a zuciya, haka jiran da ba ka da abin yi, kuma mafi zafi shi ne jiran da kake ganin ba a yi adalci ba. Darasi biyun farko wuraren wasa sun riƙe su da kyau: ga allon da ke nuna mintunan jira, ga layin Indiana Jones na 1995 da aka gina kamar kangon tsohon haikali don mai jira ya samu abin kallo. Na ukun ne aka yi wa riƙon sakainar kashi daga baya.

FastPass ya zo a 1999, kuma kyauta ne. Ka sa tikitinka a na'ura a bakin wasan, ta ba ka takarda mai ɗauke da lokacin dawowa, ka tafi yawonka, lokaci ya yi ka shiga ta gajeren layi. Kamfanin ba asara ya yi ba, domin wanda ba ya tsaye a layi yana kanti ko gidan abinci yana kashe kuɗi. Akwai kuma illar da ba a cika faɗa ba. FastPass bai ƙara kujera ko ɗaya a jirgi ba; duk wanda ya shiga ta gajeren layi, wani ne a dogon layi ya ƙara jira. Abin da ya sa aka haƙura shi ne takardar tana samuwa ga kowa, sharaɗin kawai ka taka da ƙafarka ka karɓa kafin ta ƙare. Abokan gogayya ba su tsaya kunya ba: Universal da Six Flags suka shiga sayar da damar tsallake layi da tsabar kuɗi, Disney kuwa ya daɗe bai bi su ba.

Amma kuɗi ba ya rasa ƙofa. A 2013 jaridun Amurka suka ba da labarin wasu masu hannu da shuni da ke hayar naƙasassu su raka su a matsayin dangi, don su amfana da rangwamen da ake yi wa masu lalura. Kamfanin ya sauya dokar a ƙarshen shekarar, masu lalurar gaskiya suka ɗanɗana kuɗar laifin da ba nasu ba. A daidai lokacin ne aka kawo FastPass+ a Fulorida, cikin wani shiri da aka kashe wa kusan dala biliyan ɗaya, har da abin ɗaurawa a hannu mai suna MagicBand. A lokacin, ta intanet mutum ke kama wasanni uku tun yana gida. Wanda zai kwana a otal ɗin Disney ana buɗe masa kwana 60 kafin zuwansa, saura kuwa kwana 30. Kyauta ne a suna, amma kafin a zo kan na biyun, lokutan wasannin da ake rububi sun kusa ƙarewa. A 2016 aka fara bambanta farashin tikitin yini ɗaya: ranakun cunkoso da tsada, na sakayau da sauƙi.

Shekarar 2019 ta nuna inda abin ya kai. Ranar da Universal ya buɗe wasan baburan Hagrid na duniyar Harry Potter a watan Yuni, an ba da rahoton jiran da ya kai awa goma. Da Disney ya buɗe wasan Rise of the Resistance a Disamba, sai ya mayar da layin cikin waya: da sassafe kowa ya danna, guraben kan ƙare cikin ƙanƙanin lokaci, wani lokacin daƙiƙoƙi. Iyali na iya tsallako teku su rasa wasan da suka zo dominsa saboda yatsa ya yi jinkiri.

Sai annobar korona. Disneyland ya rufe a Maris na 2020, bai buɗe ba sai 30 ga Afrilun 2021. An dakatar da FastPass, kuma bai dawo ba. A ƙarshen 2021 aka maye gurbinsa da Genie+, dala 15 kowane mutum a yini a Fulorida, dala 20 a Kalifoniya, manyan wasanni kuma da kuɗinsu daban. Farashin ya riƙa hawa. A 2024 aka sauya masa suna zuwa Lightning Lane Multi Pass, aka kuma fito da Premier Pass, wanda a lokacin ya kai dala 400 a yini a Kalifoniya ban da kuɗin shiga, mai shi ya hau kowane babban wasa sau ɗaya ba tare da kama lokaci ba. Iya kuɗinka iya shagalinka.

Masu kare tsarin suna cewa kasuwa ce, ba wanda aka tilasta wa. Gaskiya ne ba hakkin kowa ba ne ya hau jirgin lilo. Amma wanda ya taɓa kwana a layin mai yana kallon masu jarka na wucewa ta bayan fage ya san abin da ke ciwo: tsayuwar taka ce ake sayar wa wani. Mutumin da ya tara kuɗin shekara ya kawo 'ya'yansa ya riga ya biya cikakken kuɗin shiga. Kowane tikitin tsallake da aka sayar yana ƙara wa yaransa mintoci a rana, kuma muddin dogon layi ne ke sa a sayi gajeren, ƙwarin gwiwar kamfanin na rage shi zai ragu. Wannan ne bambancin injiniyan 1969 da mai tsara farashin yau.

Dabarun Sehlinger ba su mutu ba. Makonnin da ke bin komawar yara makaranta a Satumba, da tsakiyar Janairu bayan bikin sabuwar shekara, sun fi sauƙi. Makon Kirsimeti zuwa sabuwar shekara shi ne mafi muni. Layi kan ragu lokacin faretin yamma da wasan wuta, da kuma awar ƙarshe kafin rufewa. Wasu wasannin suna da layin mai hawa shi kaɗai, inda ake cike kujerar da ta rage. Idan iyali sun yarda a raba su, sukan wuce da wuri, kuma kyauta ne. Awar farko bayan buɗe ƙofa har yanzu ta fi kowace awa albarka, sai dai ita ma an gutsure ta. Tun Oktoban 2021, a Walt Disney World, ana shigar da baƙin otal ɗin kamfanin da na wasu otal da ke ƙawance da shi minti 30 kafin kowa, a dukan wuraren wasansa huɗu, kowace rana. Wanda ya kwana a masauki mai rahusa a cikin gari, ko da tun asuba yake tsaye a bakin ƙofa, zai tarar an riga an ja layi a gaban manyan wasannin.