Tukunya da Harshe: Abin da Ke Zaunar da Ɗan Gudun Hijira a Lakwal

Ƴan uwa ɗalibai, daga 2012 zuwa 2019 ƙasarmu ta karɓi ƴan gudun hijira ta ƙofa uku: ta Mali, ta Borno, da ta Sakkwato da Zamfara. Kowane ayari ya zo da ƴaƴa. Ina so in bi su ɗaya bayan ɗaya, don a ganina kowanensu ya nuna mana wani abu game da abin da ke riƙe yaro cikin aji.

Na farko su ne mutanen arewacin Mali, da yaƙi ya koro a 2012. An sauke wasu a sansanonin Abala da Mangaize cikin jihar Tilaberi, wasu kuma a Intikan ta jihar Tawa, inda aka bar makiyaya da dabbobinsu maimakon a tsare su cikin sansani. Lakwal ta Mali da tamu duk da faransanci ake yin su, saboda haka yaron da ya soma can bai sha wuyar ci gaba nan ba. Matsalar ta ciki ce. Uban da ya rasa rabin garkensa, me zai sa ya saki yaron da ke kai masa sauran rijiya? Amsar da aka samu tsohuwa ce, tun lakwal ɗin makiyaya na zamanin Turawa aka san ta: a ɗora tukunya. Inda ake dafa wa ƴan lakwal abinci, irin wanda hukumar PAM ke taimakawa da shi, uwa ta san baki ɗaya ya ragu mata da rana. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ayari na biyu ya sauka Diffa. Sun fara shigowa tun 2013, suka ƙaru a watan Nuwamba na 2014 da Malam Fatori da Damasak suka faɗa hannun Boko Haram. Ranar 6 ga Fabrairu 2015 aka kai wa Boso da garin Diffa hari, sai namu ma suka bar garuruwan bakin Komadugu, aka rufe lakwal da dama. Baƙo da ɗan gida suka jeru bakin gudron cikin bukkoki, wasu aka kai su sansanin Sayam Foraj. A nan ne aka ga tukunya kaɗai ba ta isa ba. Saurayin da ya yi shekara tara yana karatu da ingilishi, ka ce ya koma ajin farko ya koyi faransanci tare da ƙannensa? Ba zai zauna ba, wallahi. Sai HCR da abokan aikinta suka buɗe cibiyoyin da ake bin manhajar Najeriya, har aka kai wasu ɗalibai Kano suka rubuta jarrabawa. Wannan ya ceci manya. Ƙanana kuwa suka shiga lakwal tamu, da barbarci ko hausa a baki, da faransanci a allo.

Ayari na uku shi ya fi tsaya mini a rai. A 2019 ƴan bindiga suka koro mutane sama da 40,000 zuwa jihar Maradi, galibi mata da yara, suka sauka ƙauyukan gundumar Gidan Rumji. Talakawan ƙauyukan nan su suka fara buɗe musu ɗaki da rumbu kafin wata mota ta agaji ta iso. Daga baya aka matsar da wasu nesa da iyaka, zuwa Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori, inda aka gina ajujuwa da famfo don baƙi da masu masauki gaba ɗaya. Dabara ce mai kyau, don taimakon da ya tsallake ɗan gida gaba yake haifarwa. Amma ku duba abin mamaki: Bagobirin Sabon Birni ya iske ɗan uwansa Bagobirin Tsibiri, harshe ɗaya, tuwo ɗaya, wasan dangi ɗaya. Wuri guda ne kawai ba ya jin abin da ake faɗi, shi ne gaban mushe.

Alhali maganin yana hannunmu tun tuni. A 1973 aka buɗe lakwal ta gwaji ta farko a Damagaram, inda yaro ke soma karatu da hausa kafin faransanci ya shigo. Dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan gida wuri cikin koyarwa, ta 2001 ta amince da guda 10, a 2025 kuma aka ayyana hausa harshen ƙasa. Ko ajin nan na gaggawa da ake kira paserel, na yaran da shekarun shiga lakwal suka wuce su, wata 2 na farko cikin wata 9 da harshen uwa ake yin su. Ke nan an san yana aiki. Abin da ya rage, littattafai sun yi kaɗan, malaman da aka horar ma haka, gwajin kuma ya ƙi fita daga sunan gwaji fiye da shekara 50.

Ni harshe nake karanta, shi ya sa nake ganin nan ne rabonmu cikin aikin. Buhun shinkafa da kaye da bik na masu agaji ne, ranar da kuɗinsu ya ƙare su ma sun ƙare. Amma littafin lissafi da hausa, in aka rubuta shi sau ɗaya, yaron Cadakori zai karanta, in Allah ya kawo lafiya ya koma Isa ko Sabon Birni ya ci gaba da shi, don bambancin rubutunmu da nasu bai taka kara ya karya ba. Wannan ba sai mun jira Janeba ba. Mu da ke jami'o'in Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai, in hutu ya zo, mu zauna mu fara rubuta shi.