Aikin Kwamfuta: Na Maza Ne Ko Na Mata?

Yau za mu ɗan yi nisa da gida, mu leƙa ƙasar Amurka mu ji labarin wata rigima da ta tashi a wani babban kamfani a shekarar 2017. Daga nan sai mu koma baya cikin tarihi, domin Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya, kuma amsar wannan rigima tana can baya.

Duk wadda ta taɓa neman wani abu a intanet ta wayarta, ko ta kalli yadda ake haɗa cincin a YouTube, to ta yi hulɗa da kamfanin Google. Hedkwatarsa tana jihar Kalifoniya. A shekarar 2017, cikin kowane mutum 100 da ke aikin fasaha a kamfanin, kimanin 20 ne kawai mata. Kamfanin ya ce wannan bai dace ba, ya ɓullo da wasu shirye-shirye na jawo mata da horar da su.

A watan Yuli na shekarar, wani matashin injiniya na kamfanin mai suna James Damore ya rubuta takarda mai shafi goma ya raba wa abokan aikinsa. Abin da ya ce a taƙaice shi ne, ƙarancin mata a wannan aiki ba wariya kaɗai ta jawo shi ba, akwai bambanci na halitta. A ganinsa, idan aka ɗauki jimilla, mata sun fi karkata ga mutane, maza kuwa ga na'urori, kuma mata sun fi saurin shiga damuwa. Saboda haka ya nemi a daina shirye-shiryen da aka keɓe wa mata. Don a yi masa adalci, ya faɗa a cikin takardar cewa yana magana ne a kan jimilla, bai kamata a yanke wa mace ɗaya hukunci da hakan ba.

To, kun san magana zarar bunu ce. A farkon watan Agusta takardar ta fita waje, duniya ta karanta. Ranar 7 ga watan aka kore shi. Shugaban kamfanin, Sundar Pichai, ya ce akwai abubuwa da yawa a takardar da za a iya muhawara a kansu, amma nuna cewa wasu abokan aikinka halittarsu ba ta dace da aikin ba, wannan ya wuce gona da iri.

Nan fa intanet ta ɗauki wuta. Wasu suka ce an zalunci yaro don ya faɗi ra'ayinsa, wasu suka ce ya ci mutuncin mata. Abin bai tsaya a musu ba. Aka fara yaɗa sunaye da hotunan ma'aikatan da suka soki takardar, ana zaginsu. Danielle Brown, matar da ke kula da harkar daidaito a kamfanin, wadda ba ta fi 'yan makonni da kama aiki ba, sai da ta kulle shafinta na Twitter saboda cin zarafi. Taron da aka shirya ranar 10 ga Agusta don ma'aikata su tattauna, aka soke shi, domin mutane sun ji tsoron a fitar da sunayensu waje. Shi kuma Damore ya kai ƙara kotu a watan Janairun 2018, ya janye ta a 2020.

Cikin wannan hayaniya akwai abu ɗaya da ya kamata ya tsaya wa uwa a rai. Susan Wojcicki, wadda a lokacin ita ce shugabar YouTube, kuma a garejin gidanta aka fara kamfanin Google a 1998, ta rubuta cewa 'yarta ta zo ta tambaye ta ko gaskiya ne halitta ce ta sa mata suka yi ƙaranci a wannan aiki. Kin ga inda maganar ta sauka: a kunnen yarinya.

Masana halayyar ɗan Adam sun rabu a kan takardar, wasu sun ce akwai ƙanshin gaskiya a wasu wurare, wasu sun ce ya ja binciken ya kai shi inda bai kai ba. Mu bar su da nasu. Tamu tambayar mai sauƙi ce. Idan halitta ce, ai ya kamata abin ya zama haka a kowane zamani, a kowace ƙasa. To haka yake?

Mu fara da sunan kansa. Kalmar kwamfuta a Turanci, asalinta sunan mutum ne, wato mai sana'ar yin lissafi da takarda da alƙalami. Tun daga shekarun 1880, wurin nazarin taurari na Jami'ar Harvard ya ɗauki mata da yawa don wannan aiki, saboda ana biyansu ƙasa da abin da za a biya maza. Ɗaya daga cikinsu, Williamina Fleming, 'yar aikin gida ce a gidan shugaban wurin kafin ya ɗauke ta, ta kuma tantance taurari dubbai. Tun kafin su ma, a Ingila, wata mata mai suna Ada Lovelace ta wallafa bayani a 1843 kan wata na'urar lissafi da Charles Babbage ya zana, ta tsara yadda za a ba ta umarni daki-daki. Na'urar ba a ma gina ta ba, amma mutane da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin manhaja ta farko da aka wallafa.

Sai Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, maza suka tafi fagen fama. A Ingila, a wani wuri da ake kira Bletchley Park inda ake warware saƙonnin sirri na Jamus, kusan kashi uku cikin huɗu na ma'aikatan mata ne. A Amurka kuwa, a Jami'ar Pennsylvania, aka gina wata ƙatuwar na'ura mai suna ENIAC, mai nauyin kusan tan 30, wadda ta cika babban ɗaki. Maza ne suka gina ta, amma da aka zo kan koya mata aiki sai aka miƙa wa mata shida: Kay McNulty, Jean Jennings, Betty Snyder, Marlyn Wescoff, Fran Bilas da Ruth Lichterman. Babu littafin koyo, babu malami. Zanen wayoyin na'urar aka ba su, suka zauna suka fahimce ta, suna jona wayoyi da murɗa makunnai da hannu. Lissafin tafiyar harsashin igwa da kan cinye wa mutum awoyi masu yawa, sai ga shi na'urar tana gamawa cikin daƙiƙoƙi.

A watan Fabrairun 1946 aka nuna ta ga 'yan jarida. Aka gabatar da mazan, ba a gabatar da matan ba, liyafar da aka yi bayan taron ma ba a gayyace su ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A shekarun 1980 wata ɗaliba, Kathy Kleiman, ta ga hotonsu tsaye gaban na'urar, ta tambaya su wane ne, aka ce mata 'yan talla ne aka tsayar don hoton ya yi kyau. Ba ta yarda ba, ta bi diddigi har ta samu wasu daga cikinsu da ransu. Sai a 1997 aka karrama su, bayan shekara 50.

Me ya sa aka ba mata aikin tun farko? Domin a lokacin an raina shi. Ana ganin gina na'ura shi ne aikin ƙwaƙwalwa, ba ta umarni kuwa kamar buga tafireta ne. Cikin wannan rainin mata suka yi abubuwan mamaki. Grace Hopper, sojar ruwan Amurka, a 1952 ta samar da hanyar da na'ura za ta fassara umarnin mutum zuwa harshenta, aikinta kuma ya zama tushen harshen COBOL na 1959, wanda bankuna suka dogara da shi shekaru da yawa. A 1967 ta shaida wa wata mujallar mata cewa aikin kamar shirya abincin baƙi ne, sai ka tsara komai ya nuna a lokacinsa. Duk wadda ta taɓa girkin suna, tuwo a wannan murhu, miya a wancan, ga waina tana jira, ta san abin da take nufi. A 1962 kuma, kafin John Glenn ya shiga kumbo ya zagaya duniya, sai da ya nemi wata baƙar fata mai suna Katherine Johnson ta sake bin lissafin na'urar da hannunta kafin ya yarda ya tashi. Margaret Hamilton ce ta jagoranci masu rubuta manhajar kumbon Apollo da ya sauka a wata a 1969, wani lokaci da ƙaramar 'yarta take zuwa wurin aiki.

Amma labarin da zai fi jan hankalinki, 'yar uwa, shi ne na Stephanie Shirley. Ta zo Ingila daga hannun 'yan Nazi a 1939 tana 'yar shekara biyar, a matsayin 'yar gudun hijira, ba uwa ba uba a tare da ita. Ta girma ta yi aikin lissafi, ta ga an toshe mata hanyar ci gaba. A 1962 ta buɗe kamfaninta da jarin fam 6, a kan teburin cin abinci na gidanta. Ta lura akwai mata masu ilimi da suka bar aiki saboda aure da goyo, sai ta ɗauke su suna aiki daga cikin gidajensu. Fensir da takarda suke rubuta manhajar, abin da ake tambayar mai neman aiki shi ne ko tana da hanyar samun tarho. Cikin ma'aikata 300 na farko, uku ne kawai maza. Da ta ga wasiƙunta ba sa samun amsa, mijinta ya ba ta shawara ta riƙa sa hannu da sunan namiji, Steve. Nan take aka fara amsawa. Waɗannan mata na cikin gida su ne suka rubuta manhajar akwatin naɗar bayanai na jirgin Concorde mai gudun da ya fi sauti. A 1975 aka yi dokar hana wariyar jinsi a wurin aiki, wadda ta tilasta mata ɗaukar maza. Daga baya ta raba wa ma'aikatanta wani kaso na kamfanin, ta ba da miliyoyin fam sadaka, ta rasu a 2025.

To yaya aka yi aikin ya koma hannun maza? Kuɗi ne suka shigo, daraja ta biyo baya. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatoci da kamfanoni suka gane cewa wanda ya riƙe kwamfuta ya riƙe ma'aikata. A Birtaniya masana tarihi sun nuna yadda aka sa mata ƙwararru suka horar da samari, samarin suka zama shugabanninsu. A Amurka wasu masana biyu suka yi nazarin masu wannan aiki fiye da 1,300, waɗanda mata a cikinsu ba su kai 200 ba, suka ce alamar gwani ita ce rashin damuwa da mutane. Kamfanoni suka riƙa ɗaukar ma'aikata da irin wannan ma'auni. Ka auna maza, ka ce haka gwani yake, sannan ka fita neman mai kama da su. Wa za ka samo?

Duk da haka, a 1984 mata ne suka karɓi kashi 37 cikin 100 na digirin ilimin kwamfuta a Amurka. Daga nan adadin ya yi ta sauka har ya kai wajen kashi 18 a shekarar 2010, alhali a fannin likitanci da shari'a mata ƙaruwa suke yi. Halitta ba ta canzawa cikin shekara 25. Abin da ya canza, a ganin masu bincike da yawa, shi ne shigowar ƙananan kwamfutoci cikin gidaje. An tallata su a matsayin kayan wasan yara maza, iyaye suka fi saya wa ɗa namiji, aka ajiye a ɗakinsa. Kafin a je jami'a ya riga ya saba, yarinya kuwa ta shiga aji tana ganin kowa ya fi ta, ta ɗauka ita ce ba ta da kai. Jami'ar Carnegie Mellon ta gane haka, ta daina fifita waɗanda suka riga suka iya, ta gyara koyarwa. Mata masu shiga sashen suka tashi daga kashi 7 a 1995 zuwa kashi 42 a 2000.

Ki duba wata ƙasa kuma. A Malesiya, bincike ya samu cewa kusan rabin ɗaliban kwamfuta a jami'o'i mata ne. Dalilin da 'yan matan suka bayar shi ne, iyayensu suna ganin aiki ne na cikin ofis, ba rana ba ƙura, ya dace da 'ya mace. Aiki ɗaya, a wata ƙasa an ce na maza ne, a wata an ce na mata. Ashe bakin mutane ne yake raba shi.

Wannan ba ya nufin mace da namiji ba su da bambanci, ko kuma dole kowace yarinya ta so wannan fanni. Wata likita take son zama, wata malama, wata ɗinki. Abin da tarihi ya nuna kawai shi ne, ƙarancin mata a wani aiki ba hujja ba ce ta cewa ba za su iya ba. Dubban mutanen da suka yi ta zage-zage a intanet a 2017, da yawansu ba su taɓa jin sunan Jean Jennings ba.

Saura naki, uwargida. Ba a ofishin Google aka fara raba aikin nan ba, a cikin gida aka fara, ranar da aka sayo na'ura aka kai ɗakin yaro. Idan waya ɗaya ce ko kwamfuta ɗaya a gidanku, lura da wanda ake ba wa ya gyara, da wadda ake cewa ta ajiye kada ta ɓata. Ki sa ido a kan abin da suke kallo su biyun, wannan wajibi ne, amma ki raba musu lokacin daidai. Idan 'yarki ta dawo da sakamako mai kyau a lissafi, kada a ce mata sa'a ce. Idan kuma wani ya gaya mata wannan ba fagen mata ba ne, ki ba ta labarin matan nan shida da aka ce 'yan talla ne, da na matar da ta gina kamfani a kan teburin gidanta.

A nan za mu dakata. Allah ya raya mana zuriya, ya ba su ilimi mai amfani. Sai mun sake saduwa, a huta lafiya.