Abin da Ke Haifar da Salon Ɗan Foka

Masu sharhin foka, wasan kartar da Amurkawa suka mayar sana'a, sun saba kasa 'yan wasa gida-gida bisa hali. Wannan mai taka-tsantsan ne, ba ya zuba kuɗi sai kartarsa ta yi kyau. Wancan mai kutse ne, kowane zagaye da shi, yana ta ƙari har abokin karawa ya janye. Ana faɗin haka kamar da halin aka haifi mutum. Tarihin wasan bai goyi bayan wannan ba. Caca ce, kuma hukuncinta a addini ba ɓoyayye ba ne, amma tarihinta na nuna cewa salon da ke ci a kowane zamani ƙa'idar wasan ce ke haifar da shi, tare da irin mutanen da ke zaune a teburin.

A cikin wani jirgin ruwa mai zuwa birnin New Orleans, wajajen 1829, ɗan wasan kwaikwayo Joe Cowell ya ga ana raba karta 20 ga mutum huɗu, biyar-biyar, ba canji. Abin da aka ba ka shi ne rabonka, don haka dabara ba ta wuce burga da karantar fuska ba, sai kuma coge, wanda ya yi katutu a jiragen ruwan kogin Misisifi. Da aka koma karta 52, aka kuma ba mutum damar zubar da wasu ya ja sababbi, sai lissafi ya samu wurin zama: nawa zan biya, kuma mene ne yiwuwar kartar da nake jira ta fito?

Hujja mafi ƙarfi tana cikin shekarun 1960 da 1970. A garin Gardena na jihar Kalifoniya, doka ba ta yarda da kowane nau'i ba sai wanda ake canjin karta, kuma ƙarin da mutum zai yi yana da iyaka. A can mai haƙuri ke ci, domin ba ka iya korar kowa da ƙaramin ƙari. A daidai lokacin kuma, 'yan cacar Texas irin su Doyle Brunson da Amarillo Slim suna yawo gari-gari da nau'in Hold'em marar iyaka, inda kowa ke riƙe karta biyu a ɓoye, a shimfiɗa biyar a tsakiya na kowa da kowa. A wannan tsari sau da yawa babu mai abin kirki a hannu, saboda haka wanda ya riga tura kuɗi mai nauyi shi ke kwashe tebur. Zafin da aka san Brunson da shi, wanda ya ba shi kambin gasar duniya ta Las Vegas a 1976 da 1977 kuma ya bayyana a littafinsa Super/System, amsa ce ga wannan ƙa'ida. Ƙasa ɗaya, zamani ɗaya, salo biyu masu hannun riga.

Wani zai ce to ina batun baiwa? Ga Stu Ungar, wanda ya ci gasar a 1980 da 1981 da 1997 da wani irin kutse da ba a koya a littafi. Baiwarsa ba abin musu ba ce. Sai dai a 1980 mutum 73 kacal suka shiga gasar, kuma kutse yana biya ne a inda mutane ke saurin janyewa. Bayan wani akanta daga Tennessee, Chris Moneymaker, ya samu gurbi ta intanet ya lashe dala miliyan 2.5 a 2003 cikin mutum 839, sai jama'a suka yi dafifi: a 2006 an kai 8,773. Talabijin ta fara nuna kartar da ke ɓoye, matasa kuma suna buga tebura da yawa lokaci guda a kwamfuta, manhaja na tara musu bayanan kowane abokin karawa. Kutse ya zama ruwan dare, aka kuma gano maganinsa, wato a mayar wa mai ƙari da ƙarin da ya fi nasa.

Suka ta biyu ta fi nauyi: ai kwamfuta ta kashe bambancin salo gaba ɗaya. Tun 1944 John von Neumann da Oskar Morgenstern suka nuna ta hanyar lissafi cewa burga wajibi ce, kuma sau da yawa da mafi munin karta ya kamata a yi ta. A 2017 manhajar Libratus ta Jami'ar Carnegie Mellon ta doke ƙwararru huɗu a zagaye 120,000 a Pittsburgh, a 2019 kuma manhajar Pluribus ta yi nasara a teburin mutum shida. Yau ƙwararru daga irin waɗannan manhajoji suke ɗaukar darasi, wasansu kuma ya fi kama da juna fiye da da. Amma daidaitaccen salon da lissafi ke bayarwa garkuwa ce: a karawar mutum biyu yana hana a cuce ka, ba ya tatsar kuskuren wani iyakar tatsa. Mai neman riba dole ya kauce masa gwargwadon raunin wanda ke gabansa, ya yawaita burga ga matsoraci, ya daina ta ga wanda ba ya janyewa. Ita kanta Pluribus ta riƙa yin abin da ƙwararru suka daɗe suna ɗauka aikin sabon shiga ne, wato fara zuba kuɗi a sabon zagaye bayan a na baya biya kawai ta yi ba ta ƙara ba, kuma ta fi su yawan yin hakan.